Mako Ɗaya a Aji Ɗaya: Tsarin Ayyuka da Bukukuwa a Farkon Makarantar Firamare



Na san akwai waɗanda suka yi mamaki da suka ga kan wannan lacca, suka ce me ya kai malamin jami'a ajin yara 'yan shekara shida, alhali ga nahawu ga adabi suna jiransa. Dalilin shi ne, a kowace shekara nakan karɓi takardun ɗalibai waɗanda suka yi shekara goma sha biyu a makaranta kafin su zo mana, in tarar wasunsu ba su rarrabe "kasa" da "ƙasa" a rubuce, ba su kuma iya karanta shafi guda a bayyane ba tare da inda-inda ba. In aka bi sawun wannan rauni, galibi sai a iske ya faro ne tun daga aji ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka abin da nake so mu duba yau shi ne yadda ya kamata a shirya makon yaron aji ɗaya, da kuma irin bikin da ya cancanci a yi masa. Ra'ayin da zan kare shi ne, mako shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a gina koyarwar wannan aji a kansa, biki kuwa ba shi da amfani ga yaro sai in ya zama hatimi ne a kan wani abu da yaron ya koya.

Dalilin zaɓen mako

Yaro ɗan shekara shida bai san tsawon zangon karatu ba. In ka ce masa za a yi jarrabawa bayan wata uku, daidai yake da ka ce masa bayan shekara goma. Masanin halayyar yara na ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya nuna cewa yara masu waɗannan shekaru suna fahimtar lokaci ne ta hanyar abubuwan da suke faruwa a jere, watau wannan ya zo, sa'an nan wancan ya biyo, tun kafin su iya auna shi da agogo ko kalanda. Abin da yaro yake iya riƙewa shi ne abin da yake dawowa kafin ya manta da shi, kuma kwana bakwai bai fi ƙarfin tunaninsa ba.

Ɗan Bahaushe kuwa yakan zo makaranta da sanin mako tun daga gida. Ya san ranar da kasuwar garinsu take ci, ya san Juma'a da sababbin tufafinta, ya ga an yi sunan ƙaninsa ranar da ya cika bakwai. Har ma a cikin ajin akwai kwanakin mako zaune a kan benci: ga Ladi da Ɗanladi, ga Altine, ga Talatu, ga Balarabe da Larai, ga Lami, ga Jummai da Ɗanjuma, ga Asabe. Malamin da ya jera waɗannan yara a gaban aji bisa ga ranakunsu ya gama koyar da kwanakin mako ba tare da ya taɓa alli ba. In ya ƙara da gaya musu cewa Lahadi da Litinin da Talata da Laraba da Alhamis sun samo asali ne daga ɗaya zuwa biyar na Larabci, to ya shigar da ƙidaya a ciki.

Dalili na biyu ya shafi mantuwa. A shekarar 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya zaunawa a ƙwaƙwalwa. Binciken da aka yi ta yi bayansa ya tabbatar da haka. Ma'anar wannan ga malamin aji ɗaya ita ce, harafin da aka koyar ran Litinin lalle ne ya sake fitowa ran Talata da ran Alhamis da ran Juma'a, kowane lokaci cikin wata kama dabam.

Darasi daga makarantar allo

Ba sai mun tafi Turai neman misali ba, domin makarantar allo ta daɗe da gina aikinta a kan mako. Ana karatu daga Asabar zuwa Laraba, a huta Alhamis da Juma'a. Ran Laraba yara sukan kai wa malam kuɗin Laraba, wanda yake nuna wa yaro da iyayensa cewa mako ya kammala. Matakan karatun a bayyane suke: yaro ya fara da babbaƙu, watau baƙaƙe zalla, yana kiransu da sunayen da Hausawa suka laƙaba musu, irin su ba-guje da sin-kodo da mim-jaye, sa'an nan ya shiga farfaru inda ake ɗora musu wasali, sa'an nan ya fara haɗawa. Ba a wanke masa allo a yi masa sabon rubutu sai ya biya na jiya malam ya gamsu. Tilawa kuma tana mayar da shi kan abin da ya wuce a kai a kai.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tsari shi ne matsayin biki. In yaro ya kai Sabbi, watau ya cika izu ɗaya, a wurare da yawa iyayensa sukan yi sadaka, a kawo waina ko ƙosai a raba wa 'yan makaranta. In ya sauke izu sittin, a yi wa allonsa zayyana, a yi yanka, a tara dangi ya karanta a gabansu. Ku lura da abu biyu. Na farko, ba kalanda ce take kawo bikin ba, karatun yaron ne yake kawo shi. Na biyu, kowane yaro yana da ranarsa. Wanda ya yi jinkiri zai kai Sabbi daga baya, amma zai kai, kuma za a ci ƙosansa kamar yadda aka ci na wanda ya riga shi.

Makarantar boko kuwa, tun daga wadda Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, ta zo da nata makon na Turawa da nata jadawalin mai ƙararrawa. Yara da yawa a ƙasar Hausa suna tafiya da makarantun biyu a lokaci guda, boko da safe, allo ko Islamiyya da yamma. Abin takaici shi ne ta boko ba ta ari abin da ya fi kyau a wurin maƙwabciyarta ba, watau ɗaure murna da nasarar yaro.

Tsarin kwana biyar

Bari yanzu in kawo yadda nake ganin makon zai kasance, in ɗauki karatun Hausa a matsayin ginshiƙi. Rubutun Hausa yana da wata falala da na Ingilishi ba shi da ita: kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta. Wasula biyar ne, in aka haɗa su da baƙaƙe, har da masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da masu goyo irin su sh da ts da kw da gy, duka ba su kai 40 ba. In ana koyar da biyu a mako, cikin mako 20 an gama, watau kafin ƙarshen zango na biyu. Zango na uku sai ya zama na karatu sosai.

Ran Litinin yara sukan dawo da labari cike da baki, kuma kuskure ne a ce su yi shiru. A ba su rubu'in sa'a, yaro uku ko huɗu su tashi su faɗi abin da suka gani a gida ko a kasuwa, bi da bi, yadda kafin zango ya ƙare kowa ya taɓa tsayawa gaban aji. Daga cikin maganarsu malam zai tsamo sautin makon. In harafin "k" ne, sai a nemi wanda sunansa ya fara da shi, a nemi abubuwan da suke cikin aji masu wannan sauti, kujera da kati da kwano, sa'an nan a rubuta shi a allo, yara su zana shi a iska da yatsa, su fita su zana shi a ƙasa.

Ran Talata ranar gaɓa ce. A ɗora wasulan nan biyar a kan baƙin, a sami ka, ke, ki, ko, ku, a haɗa su da gaɓoɓin makonnin baya. Da wasula biyar da baƙaƙe huɗu kacal, b da k da m da n, yaro zai iya karanta baba, mama, kaka, nama, baki, kunu, nono, biki, har ma da cikakkiyar jimla kamar "Kaka, ba ni kunu." Wannan yana yiwuwa tun cikin wata na biyu da shigarsa makaranta, kuma duk wanda ya taɓa ganin fuskar yaro ranar da ya fara karanta jimla da kansa ya san abin da nake nufi.

Ran Laraba a shigo da harafi na biyu, a kuma ba rubutu da lissafi ƙarfi. Yana da kyau a gwama haruffan da suke rikita yara, a koyar da "k" da "ƙ" kusa da juna, da kalmomi irin su kaya da ƙaya, kafa da ƙafa, baki da baƙi, daka da ɗaka, domin yaro ya gane tun da wuri cewa ƙugiyar nan ma'ana take sauyawa. Lissafi kuwa kada a fara shi a kan allo. A fara shi da tsakuwa da kara da murfin kwalba da ƙwallon dabino, a ɗaura kara goma-goma da zare, yaro ya riƙe dami biyu da kara uku a hannunsa kafin a nuna masa yadda ake rubuta 23. 'Yan matan da suka iya carabke sun riga sun san ɗebe ɗaya-ɗaya da biyu-biyu. Aikin malam shi ne ya ba abin da suka sani suna.

Ran Alhamis ranar tatsuniya da wasa ce. Al'ada ta keɓe tatsuniya ga dare, amma makaranta ta daɗe da shigo da ita cikin aji, kuma muna da tanadi mai yawa, tun daga tarin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, wanda aka shirya domin 'yan makaranta a farkon shekarun 1970. Malam ya ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, ya tsaya a tsakiya ya tambayi yara me suke tsammani zai faru, su maimaita labarin da bakinsu, su kwaikwaye shi, sa'an nan a rubuta kalmomi uku daga cikinsa masu ɗauke da haruffan makon. A ranar ne kuma ya dace a duba waken da aka shuka a gwangwani, a auna tsawonsa da kara, a yi alama a bango, domin a gwada da na mako mai zuwa.

Ran Juma'a rana ce gajera, saboda ana tashi da wuri domin masallaci. Kada a kawo sabon abu a cikinta. A yi tilawar abin da aka koya tun Litinin, a taɓo na makonnin baya, malam ya saurari yara ɗaya bayan ɗaya ko rukuni-rukuni, ya rubuta a littafinsa wanda ya iya da wanda bai iya ba tukuna. Wannan rubutu shi ne zai gaya masa waɗanda zai zaunar kusa da shi ran Litinin.

Bukukuwan aji

A nan ne nake ba da shawarar abin da zan kira ƙaramar sauka. A rabin sa'ar ƙarshe ta Juma'a, duk yaron da ya kai wani mataki a makon, ko ya iya rubuta sunansa, ko ya cika wasula biyar, ko ya ƙidaya zuwa 20, ko ya karanta jimlarsa ta farko, sai a kira shi ya nuna a gaban 'yan'uwansa, a tafa masa, a rubuta sunansa a takardar da aka manna a bango, ya tafi gida da 'yar takardar da ya rubuta da hannunsa ya karanta wa uwarsa. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma yana shigar da iyaye cikin al'amarin, har da waɗanda ba su yi boko ba, domin sun san ma'anar sauka.

Sa'ad da nake karatu a Amurka, 'yata tana aji ɗaya a can, na ga wata al'ada da ta burge ni, watau bikin cika kwana 100 da fara makaranta. Tun ranar farko ake ƙidaya kwanakin, kowace safiya a ƙara tsinke ɗaya a gwangwani, in sun cika goma a ɗaure. Ranar da aka sami dami goma, kowane yaro ya zo da abu ɗari daga gida, ko wake ko maɓalli, a jera su goma-goma. Yara suna ganin wasa suke yi, alhali kuwa an yi wata biyar ana koya musu matsayin ɗaya da goma da ɗari. Wannan biki zai zauna daram a makarantunmu, inda zai faɗo cikin zango na biyu, kuma gyaɗa da gero da tsakuwa ba su gagari kowa ba.

Sai kuma bukukuwan da suke zuwa daga wajen makaranta. Yaro yana rayuwa cikin azumi da tashe, da ƙaramar Salla da babba, da Cika-ciki, da Maulidi, da Takutaha in a Kano yake. Ɗan Kirista kuma yana da Kirsimeti da Ista. Akwai damina da kaka da hunturu da bazara. Makon da ya biyo bayan Salla bai kamata a shiga aji kamar ba abin da ya faru ba. A bar yara su zana dokin da suka gani a hawa, su ƙirga goron Sallar da suka samu, su faɗi gidajen da suka je gaisuwa da irin gaisuwar da suka yi wa manya. Darasin harshe da na lissafi da na tarbiyya duk suna cikin wannan.

Akwai kuma bukukuwan hukuma, irin su Ranar Yara ta 27 ga Mayu da ranar samun mulkin kai ta 1 ga Oktoba. Ba ni da ja a kansu, amma ina da ja a kan yadda akan kwashe makonni ana koyon fareti, a tsayar da 'yan shekara shida cikin rana suna jiran babban baƙo. Ɗan aji ɗaya ya fi amfana in aka bar shi a ajinsa ya zana tuta, ya koyi kore da fari, ya ji labarin garinsu. Haka kuma ranar 21 ga Fabrairu, wadda hukumar UNESCO ta keɓe wa harshen uwa tun 1999, dama ce ta a gayyaci wata tsohuwa ta unguwa ta zo ta yi wa yara tatsuniya da kacici-kacici.

Bikin da na fi jin tsoronsa shi ne na raba kyaututtuka a ƙarshen shekara, inda ake kiran na ɗaya da na biyu da na uku, sauran aji kuwa su yi tafi su koma gida. Yaron da aka gaya wa tun yana shekara shida cewa shi ne na hamsin da takwas ya koyi darasi guda, watau makaranta ba tasa ba ce. Haka nan bikin yaye yara da wasu makarantu masu zaman kansu suka ɗora wa iyaye, da riguna na haya da kuɗin ɗaukar hoto, bai tabbatar da cewa yaron ya iya karanta sunansa ba.

Abin da ya rage ga ma'aikata

Yanzu sai in juya ga 'yan'uwanmu na ma'aikatar ilmi, domin malami shi kaɗai ba zai iya ba. A watan Satumba na 1976, da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, an yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Aka rasa azuzuwa, aka ɗauki malamai da gaggawa. An sake ɗaura ɗamara da shirin ilmin bai-ɗaya wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, kuma bugun 2004 na manufar ilmi ta ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35. Duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a manyan garuruwanmu ya san akwai azuzuwan da suka ninka wannan adadi. Malamar da take da yara 90 ba za ta iya sauraron kowa ran Juma'a ba, sai dai ta raba su rukuni uku, ta saurari rukuni ɗaya kowane mako. Dabara ce ta dole, kuma maganin gaskiya shi ne ƙarin aji da ƙarin malami.

Batu na biyu shi ne wanda ake ba aji ɗaya. An saba a tura sabon malami ko wanda aka raina can, a ajiye gwanaye a aji shida saboda jarrabawa. Wannan gini ne a kan yashi. Hedimasta mai hangen nesa yakan ba ajin farko malamin da ya fi kowa haƙuri da ƙwarewa.

Batu na uku shi ne harshe. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida cur, ya nuna cewa ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishi ma. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi firamare gaba ɗaya da harshen uwa, sa'an nan a Nuwamban 2025 aka ba da sanarwar janye wannan manufa. Ra'ayina a kan haka ba ɓoyayye ba ne, amma ko wane harshe hukuma ta zaɓa, yaron da ya shigo aji ɗaya a Bici ko Gumel da Hausa ya zo, da ita zai ba da labarinsa na Litinin, kuma ya fi sauƙi ya gane sirrin haɗa harafi da sauti cikin harshen da yake ji, sa'an nan ya ɗauki wannan sani ya kai shi ga Ingilishi.

Na huɗu, sufeton da ya je duba makaranta kada ya tsaya ga rajista da littafin shirin darasi. Ya je ran Juma'a, ya zauna a bayan aji, ya kira yara biyar da ya zaɓa da kansa su karanta masa abin da aka koya a makon. Cikin minti goma zai san abin da takardu ba za su gaya masa ba.

Kammalawa

Jama'a, shekarar karatu ba ta kai mako 40 ba. Kowane mako da ya wuce ba tare da yaro ya ƙaru da wani abu da za a iya nunawa ba, an yi asararsa, kuma yaron da ya bar aji ɗaya bai iya haɗa baƙi ba yakan yi ta bin 'yan'uwansa a baya har ya gaji ya bari. Ɗalibanmu da za su tafi aikin koyarwa, ina roƙonku ku nemi a ba ku aji ɗaya ko da na zango guda ne, ku gwada wannan tsari, ku rubuta abin da kuka gani, ku kawo mana mu duba tare. Ma'aikatan ilmi kuma, ku sa mana ido a kan yawan yara da zaɓen malami. Sannu ba ta hana zuwa, in dai kowane mako an yi taki ɗaya.